Barewar da Kibau Tara Suka Soka

An rubuto wannan daga faifan laccar da wani malamin zane ya yi wa matasa masu koyon sana'ar a Garwa, arewacin Kamaru.

Assalamu alaikum. Iyayena da ke zaune a gaba, Allah ya ƙara girma. Ƙannena da 'ya'yana, ku matso ku ga hoton nan da kyau, don ƙarami ne. Shi kansa na ainihin faɗinsa santimita 30 ne kawai.

Wata mata 'yar ƙasar Meksiko ce ta zana shi a 1946, sunanta Frida Kahlo. An haife ta a 1907. Tana ƙarama shan inna ya taɓa mata ƙafar dama, sannan a 1925, tana da shekara 18, motar bas ɗin da take ciki ta yi karo da jirgin ƙasa na cikin gari. Ƙashin bayanta ya karye, ƙarfe ya huda ta a ƙugu. A kwance ta duƙufa ga zane, an kafa mata madubi a saman gado tana kallon fuskarta. Ciwon nan bai sake ta ba har ta rasu a 1954, kuma ba ta samu haihuwa ba. Sai ta cika gidanta da dabbobi: birai, aku, karnuka marasa gashi irin na ƙasarsu, da wani ɗan barewa da ta raɗa wa suna Granizo, wato ƙanƙarar da ke zubowa da ruwan sama.

To ku duba. Jikin na barewa ne, fuskar tata ce, ga ƙahoni masu rassa a kanta. Kibau tara sun soki jikin, jini na zuba. Itatuwa sun kewaye ta, ga reshe karyayye a ƙasa, can baya kuma ruwa ne da walƙiya. A shekarar ce aka yi mata babban aiki a ƙashin baya a birnin Nuyok, bai kuma kawo mata sauƙin da ta sa rai ba. Amma fuskar ba ta kuka. Ta zuba maka ido ne kawai. Duk ranar da na kalli hoton nan sai na tuna matan da na sani waɗanda ciwo ke ci, amma in ka gaishe su sai su ce lafiya lau.

Abin da ya tara mu shi ne ƙafafun nan. Ku ga sirantarsu, ku ga yadda ɗaya daga cikin na gaba ta ɗaga. Wanda bai zauna da barewa ba, ba zai san haka take ba. Matar nan ta ciyar da Granizo da hannunta, ta ga yadda yake zabura in an motsa, shi ya sa da ta rasa bakin faɗin azabarta sai ta ari jikinsa.

Mu ba baƙin wannan ba ne. A duwatsun Ennedi na Chadi akwai shanu da raƙuma waɗanda mutanen dā suka zana, kowace saniya da irin zanen fatarta, don mai zanen makiyayi ne, ya san tasa. Kotoko, mutanen yankin tafkin Chadi, suna zuba ɗan ƙaramin doki da mahayinsa da tagulla, mutum ya riƙe a jikinsa don neman sauƙin taɓin hankali. Tambarin Chadi kansa akuya ce a gefe guda, zaki a ɗayan. Bafulatanin da ke shayar da garkensa a bakin Binuwai kuwa, kowace saniya da sunanta, in ya kira ta waiwayo.

Amma na duba littattafanku makon jiya, raina bai yi daɗi ba. Zaki, zaki, giwa, zaki. Na san dalili, shi baƙi ke saya, kuma neman na tuwo ba laifi ba ne. Sai dai nawa ne a cikinku suka taɓa zuwa gandun dajin Waza suka ga zaki ido da ido? Daga rigar 'yan ƙwallon Kamaru kuka kwafo shi, shi ya sa duk zakunanku fuskarsu ɗaya.

Yaro ɗaya ne ya zana jakin mahaifinsa, wanda ke jan amalanken ruwa. Ya sa masa gyambon da igiya ta yi masa a wuya, kunne ɗaya a kwance. Na tambaye shi me ya sa idon jakin ya yi zuru-zuru haka, sai ya sunkuyar da kai ya ce tun da Baba ya kwanta jinya shi da jakin ne ke ciyar da gida. Na daɗe riƙe da takardar nan ban iya cewa komai ba.

Malam ya yi tambaya ɗazu kan halaccin zanen abu mai rai. Malam, wannan fagenku ne, kuma duk wanda zuciyarsa ba ta natsu ba ya bi abin da malamansa suka faɗa masa. Ana iya nuna dabba da sawunta ko zanen fatarta kawai, wannan ƙofar a buɗe take.

Ranar Asabar kowa ya zo da zanen dabbar da ke gidansu, ko kaza ce. Ku zauna kusa da ita kwana uku kafin ku ɗauki fensir. Wanda ba shi da takarda ya same ni bayan la'asar.