Yadda Za Ki Gane Irin Naɗin Gashinki, Ki Hana Shi Warwarewa

Kafin ki ce kin san irin gashinki, wanke shi tukuna. Ki shafa kwandishana, ki ɗauraye, kada ki sa mai ko jel, kada kuma mataji ya taɓa shi. Ki bar shi ya bushe da kansa. Siffar da ya ɗauka a nan ita ce ta asali.

Rabon da aka fi amfani da shi na Andre Walker ne, wani mai gyaran gashi ɗan Amurka, wanda ya fito da shi a shekarun 1990. An kasa gashi lamba 1 zuwa 4, ana kuma ƙara wa lambar harafin A, B ko C don bambance ire-iren da ke cikinta. Lamba 1 miƙaƙƙe ne. Lamba 2 yana lanƙwasa sako-sako kamar harafin S, amma ba ya kewayowa. Lamba 3 yana yin zobe-zobe: na 3A masu faɗi ne, na 3C kuwa bai fi kaurin fensir ba. Lamba 4 shi ne mai matsattsen naɗi. 4A ƙananan zobba ne da ido ke gani, 4B yana karyewa kusurwa-kusurwa kamar harafin Z, 4C kuma ya fi duka matsewa, har idan ya bushe yakan tsuke ya rasa fiye da rabin tsawonsa. Ki ja sili ɗaya ki sake. Idan ya koma da sauri, gashin na da lafiya, tsukewar ba aibi ba ce.

Ki duba wuri uku: goshi, tsakiyar kai da ƙeya. Kai ɗaya yakan ɗauki iri biyu ko uku, shi ya sa bai kamata lambar nan ta ɗaure ki ba. Abin da ya fi ta amfani shi ne sanin yadda gashin ke shan ruwa. Ki fesa ruwa a ɗan tsagi. Idan ya tsaya ɗigo-ɗigo a sama, gashin ba ya sha da wuri: ruwan ɗumi da man shafawa mara nauyi yake so. Idan ya shanye nan take kuma ya bushe nan take, yana bukatar kirim mai kauri da zai riƙe masa danshi.

To, me ke warware naɗi? Ruwa yana kwance wasu mahaɗai masu rauni a cikin silin gashi, kuma suna sake ƙulluwa yayin da yake bushewa. Duk siffar da gashi ya bushe a cikinta, a haka zai zauna. Saboda haka aikin duka tsakanin jiƙewa da bushewa yake.

Ki raba gashin kashi 4 zuwa 8, gwargwadon cikarsa. Ki warware cukurkuɗewa da kwandishana a jikin gashin, da yatsu ko mataji mai manyan haƙora, daga baki zuwa tushe. Bayan ɗauraya, tun yana ɗigar ruwa, ki shafa kwandishanan da ba a wankewa, kamar lakutar yatsa ɗaya a kowane kashi, sannan jel a kai. Ki bi da tafin hannu biyu daga sama zuwa ƙasa har silin su haɗu rukuni-rukuni, sai ki dunƙulo su sama ki matsa a hankali. Mai 4B da 4C, ki ɗauki ƙananan tsagi ki naɗe a yatsa, ko ki murɗa bibbiyu ki kwance bayan ya bushe ƙarau.

Kafin ki haɗa kirim da jel a kai, ki cakuɗa su a bayan hannu. In suka yi guda-guda fari, haka za su yi a gashi, ki ga kamar amosani.

Ki tsane ruwan da riga mai laushi, kada ki goga da tawul. Daga nan hannu ya bar kai. Nan ne mafi yawa suke ɓata aikinsu, domin taɓa gashi da sauran danshi yana raba silin, ya yi buzu-buzu. In za ki yi amfani da diraya, ki sa mata kan da ake ɗaurawa a bakinta mai baza iska, zafi kaɗan. Jel zai bushe da tauri, kada ki tsorata. Ki ɗiga mai ɗigo 2 ko 3 a tafin hannu, ki matsa, taurin ya saki, naɗin ya tsaya.

Da dare ki tattara shi sama sako-sako, ki sa hular satin, domin audugar rigar matashi tana shan danshi tana kuma goge naɗi. Da safe ɗan fesin ruwa ya isa. Idan gashi ya fara danƙo ya ƙi naɗuwa, kayan shafa ne suka taru, shamfu yake bukata. Bakin gashin da zafin ƙarfen miƙar da gashi ya miƙar kuwa, wanda ko an jiƙa ba ya komawa, babu man da zai gyara shi, sai dai a riƙa datsewa kaɗan-kaɗan yayin da sabo ke fitowa.