Zafin Legas ba irin na gida ba ne

An rubuto wannan daga faifan laccar da wani injiniyan gine-gine ya yi wa 'yan kasuwarmu a Agege.

Assalamu alaikum. Iyayenmu malamai, alhazai, 'yan uwa, barkanku da yamma.

Duk wanda ya tashi a Kano ko Sakkwato ya san bazara. A watan Afrilu ma'aunin zafi kan kai 40, har ya zarce. Nan Legas da wuya ya kai haka, amma wa bai taɓa farkawa ƙarfe biyun dare ya tarar da matashin kai ya jiƙe sharkaf ba? Laima ce ta cika iskar garin nan, sau da yawa tana haura kashi 80 cikin 100. Sai gumi ya bushe jiki ke jin sanyi. A nan ba ya bushewa, sai dai ya kwanta maka kamar man ja.

Shi ya sa dabarun gida ke ba mu kunya a nan. Ruwan randa a Arewa har haƙori yake kamawa, saboda busasshiyar iska na zuƙe raɓar da ke tsattsafowa ta jikinta. Da wannan hikimar Mohammed Bah Abba, wani malami a Jigawa, ya sa tukunya cikin tukunya da jiƙaƙƙen yashi a tsakani don sanyaya kayan abinci, har ya ci lambar yabo ta Rolex a 2000. Kawo tukunyar nan Agege ka sha mamaki, ba za ta yi sanyin kirki ba. Haka fankar nan da ake ɗura wa ruwa, Alhaji, kada ka kai kuɗinka. Laima za ta ƙara maka.

Kwanaki na shiga wani ɗaki a Idi-Araba, irin gidan hayar nan mai ƙofa na kallon ƙofa. Taga ɗaya ce, an liƙe ta da kwali saboda sauro, an jingina buhunan kaya a jiki. Sama kwano ne tsirara, ko silin babu. Mai ɗakin yana ta tsine wa fankarsa. Na ce bawan Allah, ina laifinta? Zafin da ka kulle take juya maka.

Iska baƙuwa ce mai kunya, ba ta shiga inda ba ta ga mafita ba. Galibin shekara daga teku take busowa, ta kudu maso yamma. A cire kwalin a sa raga, a buɗe wata kafa a bangon da ke fuskantar tagar, can sama, don iska mai zafi sama take hawa. A lallaɓi mai gida ya yi silin, in da hali a shafa wa kwanon farin fenti.

Wani zai ce a sa esi a huta. To, tun Afrilun 2024 da aka kai wa 'yan Band A, wato rukunin da aka fi ba wuta, kuɗin wuta naira 225 kowane yunit, kowa ya ji a jikinsa. Esi mai ƙarfin doki ɗaya yana shan wutar fankar sama goma. In ka sa, rufe ɗakin ruf, ka riƙa wanke ragarsa.

Sai janareta. Don Allah kada a tayar da shi a soro ko bakin taga don tsoron ɓarawo. Gubar da ke cikin hayaƙinsa ba ta da wari, a cikin barci take ɗauke mutum, kuma mun sha jin iyali guda sun kwanta ba su tashi ba. A fitar da shi fili, a sa masa sarƙa da kwaɗo.

Na ga ladan ya miƙe. Masu tambaya, mu haɗu bayan Magariba.