Su suka cika sama da hayaƙi, mu ake cewa mu kashe murhu

Sagir: Assalamu alaikum jama'a, barkanmu da sake haɗuwa. Yau maganar nan da ta hana guruf ɗinmu barci tun Juma'a za mu taɓa, batun rage hayaƙin da ke ɗumama duniya. Anti Hajara na nan, Bello ma ya iso, a makare kamar kullum.

Bello: Gosulo ne a Kawo wallahi.

Sagir: Kullum Kawo. To ni bari in fara don abin na cina. An je taron sauyin yanayi na duniya a Gilasgo a 2021, Buhari ya yi alkawarin nan da 2060 hayaƙin da Najeriya ke fitarwa ba zai wuce wanda ake shanyewa ba, ya dawo ya sa hannu a dokar sauyin yanayi a watan Nuwamba, madalla. Amma fa Afirka kaf ɗinta, mutum sama da biliyan ɗaya, abin da muke fitarwa bai wuce kashi 4 cikin 100 na duniya ba. Ingila ta yi shekaru aru-aru tana ƙona kwal tana gina kanta, sai a 2024 ta rufe tashar wutar kwal ɗinta ta ƙarshe. Sun ci sun ƙoshi sun wanke hannu, sannan su waiwayo su ce mai jin yunwa ya ɗau azumi.

Hajara: Ni Malam Sagir ba can nake kallo ba, kicin nake kallo. Tun da aka cire tallafin mai a Mayun 2023 komai ya tashi, gas ɗin girki ma ya bi sahu, mata nawa na sani a Tudun Wada da suka jingine silinda suka koma gawayi? Kuma gawayin nan ai bishiya ce aka sare. Ka je ka ce wa matar nan ta rage hayaƙi, ta dafa tuwon da me?

Bello: Anti ai mu a Kaduna mun riga kowa cika alkawari. Matatar manmu shekara da shekaru ko hayaƙin sigari ba ta fitarwa.

Sagir: (dariya) Kai Bello Allah ya shirye ka.

Bello: Da gaske, masaƙun Kakuri ma tsit. A ba mu lambar yabo kawai. Hayaƙin da ya rage a garin nan na janareto ne.

Hajara: Naka dai. Janaretonka in ya tashi a Rigasa har Barnawa ana tari.

Bello: Haba Anti, wannan janareton ya girmi ɗan farina, a ba shi girmansa.

Sagir: Shi ya kamata a kai taron sauyin yanayi na Dubai a 2023 a matsayin shaida. Mutum 1,411 aka rubuta daga Najeriya, da aka yi caa gwamnati ta ce 422 kawai ta ɗau nauyi, to janareto ɗaya ai ba zai cika jirgi ba.

Bello: Ni zan raka shi, wakilin masu ja da igiya.

Hajara: Sai ka ja sau goma a gaban Turawa ya ƙi tashi.

Bello: Sai in ce musu ya tuba ne, ya rungumi sola.

Sagir: To ya isa, mu dawo. Kuɗi, nan ne gizo ke saƙar. A taron Kofanhegan na 2009 ƙasashe masu arziki suka ce, don ƙasashe masu tasowa su tunkari sauyin yanayi, za su riƙa ba su dala biliyan 100 duk shekara zuwa 2020, ba su cika ba sai 2022, kuma mafi yawansa bashi ne ba kyauta ba. Wato ka fasa min tulu sannan ka ranta min kuɗin sayen wani, da ruwa a kai. Aka je taron Baku a 2024, ƙasashe masu tasowa suka nemi dala tiriliyan 1.3 duk shekara, aka tashi a biliyan 300 nan da 2035, ko wata uku ba a yi ba Trump ya dawo ya sa hannun fitar da Amurka daga yarjejeniyar Faris ta rage hayaƙi, kuma Amurka ce ta fi kowa tara hayaƙi a tarihi. Mu kuwa ambaliyar 2022 ta kashe mutum sama da 600, a Satumbar 2024 madatsar Alau ta ɓalle ruwa ya shanye Maiduguri...

Bello: Tsaya Malam, a nan ban bi ka ba. Alau ai an daɗe ana cewa tana buƙatar gyara. Mu nan Kigo Road duk damina kogin Kaduna sai ya shiga gidaje, Bature ne ya ce a yi gini a bakin ruwa, ko shi ya cika kwatoci da leda? Kuma gas ɗin da ake ƙonawa a banza a Neja Delta dare da rana fa, ƙasarmu ce ko ba ƙasarmu ba?

Sagir: Kamfanonin su waye ke haƙar man?

Bello: Wa ya ba su lasisi?

Hajara: Ni wannan gas ɗin ne ke min ciwo. Ana ƙona shi a iska, ni kuma ina fifita gawayi hayaƙi na shiga idona. Bututun nan na Ajakuta zuwa Kaduna zuwa Kano, kilomita 614, tun 2020 aka ƙaddamar da aikin, in ya zo gas ya yi sauƙi ai dajin ma ya huta.

Sagir: Shi ne abin da nake faɗa tun ɗazu! Gas ɗin da Turai ta ruga nema a Afirka da yaƙin Yukiren ya ɓarke, shi ne mu ake mana ƙyashin bashin haƙowa. To mun ce za mu karanta saƙonninku kan mafita, akwai wata 'yar uwa daga Unguwar Rimi da ta yi dogon bayani kan sola... kai, an ɗauke wuta, batirin kuma saura kaɗan. Bello akwai mai a naka?

Bello: Yana Rigasa.

Sagir: To sai mako mai zuwa in Allah ya kai mu, a gafarce mu.