Lacca: Gwamnati a Tsakanin Mai Noma da Mai Saye

Assalamu alaikum wa rahmatullah. Malamai, ɗalibai, iyaye da 'yan uwa, barkanmu da warhaka. Na baya idan ba ku ji sosai ku ɗaga hannu a ƙara sauti.

Duk gwamnatin duniya tana da mutum biyu a gabanta. Ga mazaunin birni da ke son abinci ya yi araha, ga kuma manomi da ke son amfaninsa ya yi daraja. Na birni yana kusa da fadar mulki, idan ya ji yunwa zai fito titi, gidan rediyo ya ɗauka. Manomi yana nesa, kuma ba ya zanga-zanga sosai. Amsarsa a gona yake bayarwa, ya rage abin da zai shuka baɗi, ko ya koma wani amfanin. Shi ya sa gwamnati ke jin kukan na farko nan take, na biyun kuwa sai bayan shekara, lokacin da rumbu ya riga ya yi ƙasa.

Bari mu ɗauki shinkafa a 2007 zuwa 2008, don a nan abin ya fi fitowa fili. A shekarun nan shinkafa ba ta yi ƙaranci a duniya ba, an yi girbi mai kyau. Alkama ce ta yi tsada, sai Indiya ta ji tsoro, a watan Oktoban 2007 ta taƙaita fitar da shinkafar da ba basmati ba. Biyetnam ma ta taƙaita fitar da tata. Filifin, wadda ke kan gaba a masu saye, ta ruɗe ta shiga kasuwa tana neman kaya ko nawa ne. Ku lura, shinkafar da ke ƙetare iyakoki a lokacin ko kashi 10 cikin ɗari na abin da ake nomawa ba ta kai ba, saboda haka manyan masu sayarwa biyu na rufe ƙofa kasuwa ta rikice. Tan ɗaya da ake sayarwa dala ɗari uku da wani abu ya haura dala 1,000 cikin 'yan watanni. Ɗan kasuwa ya ɓoye, magidanci ma ya sayi buhu biyu maimakon ɗaya, kowa yana gudun gobe.

Me ya sauko da farashin? Japan na da shinkafa jibge a rumbuna, wadda ta shigo da ita bisa yarjejeniyar Ƙungiyar Ciniki ta Duniya. A tsakiyar 2008 aka ji cewa za ta iya fitar da ita, sai farashi ya fara sauka tun kafin a loda jirgi. Labari kawai. Tsoro ne ya ɗaga kasuwa, da tsoron ya ragu ta lafa. Shi kuma manomin Indiya da aka rufe wa ƙofa, tsadar ta wuce shi bai ci ribarta ba.

To, kada wani ya ce malam yana nufin a buɗe iyaka kawai a huta. Ku dubi Haiti. A 1995 aka zaftare harajin shigo da shinkafa zuwa kashi 3 cikin ɗari, shinkafar Amurka, wadda gwamnati ke tallafa wa masu nomanta, ta cika kasuwa. Mutanen birni sun ji daɗi da farko. Manoman ƙasar suka kasa gogayya, da yawa suka bar gona suka nufi birni. Da tsadar 2008 ta zo babu na gida da za a koma wa, aka yi tarzoma, majalisa ta tsige firaminista a watan Afrilu. A 2010 Bill Clinton, wanda shi ne shugaban Amurka lokacin da aka zaftare harajin, da kansa ya amsa a gaban kwamitin majalisar dattawan Amurka cewa matakin kuskure ne.

Saura kayan aiki, wanda masu tsara manufa suka fi mantawa da shi. Takin zamani na yuriya da iskar gas ake yin sa, don haka gas na tashi taki ya tashi. Idan darajar kuɗin ƙasa ta faɗi, taki da maganin feshi da kayan gyaran tarakta duk su yi tsada lokaci guda, bashin banki kuma ruwansa ya ƙaru. Manomi yana kashe kuɗinsa lokacin shuka, farashi kuwa sai a kaka zai san shi. Idan a tsakani aka sauya doka, asarar a kansa take.

Siri Lanka ta nuna mana ƙarshen wannan. A watan Afrilun 2021 Shugaba Gotabaya Rajapaksa ya haramta shigo da takin zamani, ya ce kowa ya koma takin gargajiya, alhali ƙarancin dala ma na cikin dalilan. Ni ban ƙi takin gargajiya ba, amma ba a fafe gora ranar tafiya. Amfanin shinkafa da na ganyen shayi ya faɗi, ƙasar da ke kusan ciyar da kanta da shinkafa ta koma saye daga waje, da dalar da ake ƙoƙarin adanawa. A watan Nuwamba aka janye dokar, amma lokacin shuka ya riga ya wuce, kuma taki ya yi tsada a duniya. Zuwa Yulin 2022 shugaban ya bar ƙasar. Ba taki kaɗai ya kore shi ba, akwai bashi da ƙarancin mai, sai dai yunwa na cikin abin da ya fito da jama'a.

Na ga mai kula da lokaci yana nuna mini agogo. 'Yar uwa ta layi na biyu ta daɗe da ɗaga hannu, a miƙa mata makirufo, bismillah.