Darasin Mota: Yaushe Ake Canza Man Giyar Atomatik, Kuma Ta Yaya?

Assalamu alaikum masu sauraronmu, daga Samaru zuwa Tudun Wada, daga Sabon Gari har cikin birnin Zazzau. Darasinmu na yau a kan man giyar mota atomatik ne, wato jan man nan da kanikawa ke kira ATF. Yawancinmu ba ma wasa da baƙin mai, amma man giya yakan shekara biyar babu wanda ya leƙa shi, alhali shi ne yake miƙa ƙarfin inji ga giya, shi ne yake matse farantan kulocin da ke ciki idan giya za ta shiga, kuma shi ne yake kwashe zafi ya kai lagireto.

Zafi ne babban abin da ke kashe wannan mai. Motar da ta miƙe hanyar Kano tana shan iska ba ta wahalar da shi kamar wadda ta maƙale a cunkoson Kwangila ko PZ da azahar a watan Afrilu, ana taku ɗaya ana tsayawa. Littafin mota yakan ware jadawali na musamman ga motar da ke aiki cikin zafi da ƙura da ɗaukar kaya, kuma mu nan wannan jadawalin ne namu. Shawarata ita ce kada a wuce kilomita 60,000 ba a canza man ba. A lura cewa motocin da aka shigo da su daga Amurka mil suke ƙirgawa, don haka a wurinsu lissafin ya kama kusan mil 37,000.

Kafin a canza, a fara dubawa. A zaga da motar har ta ɗauki zafi, a tsayar da ita a wuri mai baje, a ja birkin hannu, a taka birki, sannan a bi da sandar giya ta P da R da N da D, ana ɗan dakatawa a kowanne, a mayar da ita P. A Toyota ana zaro gejin man giya, wato sandar auna shi, inji yana aiki, amma a Honda sai an kashe inji a duba nan take. A ɗiga man a kan farar takarda. Idan ja ne garau, lafiya lau. Idan ya koma ruwan ƙasa, lokaci ya yi. Idan ya yi kama da shayin da aka cika wa madara, ruwa ya shige shi, ko daga lagireto ko daga kududdufin damina, kuma bai kamata motar ta ƙara tafiya ba. Idan kuwa ya yi baƙi yana warin ƙauri, giya kuma tana jinkirin shiga, to farantan sun riga sun cinye, sabon mai ba zai mayar da su ba. Irin wannan giya kada a yarda a wanke ta da injin tura mai, domin dattin da ya kwanta yana iya tashi ya toshe ƙananan hanyoyin mai.

Inda aka fi yin asara shi ne wajen sayen man, domin mutane sun ɗauka duk jan mai ɗaya ne. Jan nan rini ne kawai da ake sakawa don a bambanta shi da baƙin mai. Honda tana da DW-1, wanda ya maye gurbin Z1. Tsofaffin Toyota da yawa T-IV suke sha, na baya-baya kuma WS. Giyar CVT, wato atomatik ɗin da ba ta da matakan giya, irin ta Nissan tana da nata, NS-2 ko NS-3, wanda ma ba ja ba ne. Na taɓa ganin yaron gareji ya juye wa giyar CVT man giya na gama-gari saboda shi ne mai araha, kafin damina ta fita mai motar yana cigiyar wata giyar. Sau da yawa sunan man yana rubuce a jikin gejin, kuma a sayi wanda hatiminsa bai ɓalle ba, domin jabu ya yi yawa.

Aikin kansa ba shi da wuya. A ɗora motar a kan rami, kada kowa ya shiga ƙarƙashin motar da jak kaɗai ke riƙe da ita. A kwance notin tsiyaya, a tari man a cikin jarka mai alamar lita, a yi hattara domin yana ƙuna. A duba maganaɗisun da ke jikin notin ko cikin kaskon giya: laushin toka-toka kamar kwalli ba komai ba ne, amma ɓurɓushin ƙarfe mai ƙyalli da ake ji a yatsa alamar ɓarna ce. Idan giyar mai kasko ce, a cire shi a wanke, a sa sabuwar filta da sabon fakin da ke hana kaskon yoyo, a ɗaure notuna ana tsallakawa daga wannan gefe zuwa wancan, ba tare da an danne su da ƙarfi ba. Sannan a zuba sabon mai daidai yawan wanda ya fita, da mazurari mai tsabta, domin mai idan ya yi yawa kumfa yake yi, kumfa kuwa ba ta matse kuloci.

Abin da zai fita yakan kasance lita 3 zuwa 4, wato kusan rabi, sauran yana maƙale a cikin kwanbata, wato tulun da ke haɗa inji da giya, da kuma bututai. Wanda mansa ya tsufa ƙwarai sai ya maimaita tsiyayar sau biyu, yana barin tafiyar ’yan kwanaki a tsakani. Motocin da ba su da geji kuwa a kai su wurin bakaniken da ke da kwamfutar duba mota, domin sai man ya kai wani mataki na zafi ake auna shi. Bayan an gama, a zaga, a sake aunawa, sannan a shimfiɗa kwali a ƙarƙashin motar da dare, da safe a duba ko akwai jan ɗigo.