Abin da ke dafa injin keken lantarki a rairayin Maraɗi

Assalamu alaikum jama'a. Keken da za mu yi magana a kansa keken hawan dutse ne, mai faffaɗar taya, an ɗora masa inji da batir ya koma na lantarki. Maraɗi dai ba garin duwatsu ba ne. Amma muna da rairayi, kuma a wurin inji, rairayi mai zurfi da hawan dutse duk wahala ɗaya ce. Ga kuma zafin Afrilu da Mayu, da ke haura digiri 40 tun kafin mutum ya taɓa totur.

Ku matso mu leƙa cikin injin. Wannan jar wayar tagulla da aka nannaɗe, ta cikinta wuta ke bi, kuma a nan ake haihuwar zafin. Lissafinsa ba shi da tausayi: in wutar da ke ratsa wayar ta ninka sau 2, zafi sau 4 yake ninkawa. In ta ninka sau 3, zafi sau 9. To yaushe inji ya fi zuƙar wuta? Lokacin da yake juyawa a hankali alhali an danne shi da nauyi. Wato ka sauka daga kwalta, ka faɗa rairayin hanyar gulbi, taya na nutsewa, kai kuma ka murɗe totur har ƙarshe.

Mu ɗauki misali. Batir mai bolt 48, inji na jan amfiya 20 (ma'aunin yawan wutar da ke bin waya), bolt sau amfiya, wat 960 ke nan. A kan kwaltar Tibiri, inji na juyawa yadda yake so, kusan kashi 80 cikin 100 na wutar nan na zama tafiya, abin da ya rage kaɗan ne ke zama zafi, iska ma tana kwashe shi. A cikin rairayi kuwa, ana rarrafe, rabinta na iya zama zafi zalla. Kamar ka kulle rabin dutsen guga na lantarki cikin gwangwani ne, babu iskar da ke bi ta kai. Abin haushi, tagulla da kanta in ta yi zafi sai ta ƙara taurin kai wajen barin wuta ta wuce, zafin ya sake hawa.

Me ke lalacewa? Maganaɗisun da ke cikin inji, in mai araha ne, yakan fara rasa ƙarfinsa daga wajen digiri 80, kuma ƙarfin da ya tafi ba ya dawowa ko inji ya huce. Giyoyin roba na cikin wasu injuna su yi laushi, haƙoransu su cinye. Daga ƙarshe fentin da ke rufe wayar ya ƙone, sai ka ji wari. In har ka ji warin nan, bakanike ne zancen.

Maganin farko kyauta ne, a ƙafarka yake da hannunka. In injinka na tsakiya ne, wanda ke zaune wajen feda, irin Bafang BBS02 mai wat 750, to ka yi sa'a, don ta sarƙa yake aiki, giyar keken tasa ce. Kafin ka shiga rairayi, sauke giya zuwa babban faranti na baya, inji ya yi ta juyawa da sauri, keke na tafiya sannu. Mutane da yawa suna barin keken a giyar gudu, su tashi daga tsaye da totur kawai, suna jin daɗi wai ba sa taka feda. Wannan lalaci ne mai tsada.

In kuma injin yana cikin cibiyar taya ne, giya ba za ta cece shi ba, don gudunsa shi ne gudun tayar. Sai ka taimaka masa da feda, ka shiga rairayin da ɗan gudu, in ya yi zurfi ka sauka ka tura. Babu kunya a ciki. Ka ɗan rage iskar taya ma, ta shimfiɗu a kan rairayi maimakon ta huda shi.

Akwai dabarar da ake yi a ƙasashen sanyi, a huda ramuka a murfin inji don iska ta shiga. A nan, kada ka kuskura. Ƙurar hunturu da ɓurɓushin ƙarfen da ke cikin ƙasa za su manne wa maganaɗisu, damina ta zo ta ƙarasa aikin. Abin da ya fi dacewa da injin taya marar giyoyi a cikinsa shi ne wani mai da ke manne wa maganaɗisu, irin Statorade na kamfanin Grin da ke Kanada. Ƴan mililita kaɗan ake ɗurawa, ya riƙa miƙa zafin ciki zuwa jikin murfi, a ƙara masa fikafikan alminiyam a waje.

Kwantrola, wannan ɗan akwatin da ke raba wuta, kada ka cusa shi cikin jaka. Ɗaure shi a jikin ƙarfen keke inda iska ke dukansa. In allon saitin da ke kan hannun kekenka na ba da dama, rage iyakar amfiya daga 25 zuwa 18, za ka rasa ɗan kuzari wajen tashi, amma zafin wayar ya kusan raguwa da rabi.

Gwaji kuma, in babu na'urar auna zafi, ɗora tafin hannu a jikin inji. In ka kasa barinsa na ƴan daƙiƙu, cikinsa ya fi haka nesa. Nemi inuwar dalbejiya ka tsaya. Kar ka kwara masa ruwan sanyi, domin in ya huce farat ɗaya yakan zuƙo danshi ta bakin waya. Batir ma, in ka dawo gida, bar shi ya sha iska a inuwa kafin ka jona caji, don batirin litiyam ba ya son caji sama da digiri 45.