Furotin da hanjin ɗan alade bayan yaye

Jama'a masu kallo, barkanmu da war haka. Yau ina magana da ku ne daga wata gonar aladu a yankin Yutland na ƙasar Danmak, ƙasar da aladunta suka fi mutanenta yawa, inda nake aikin koyon kiwo. Waɗannan da kuke gani sun cure a kusurwa ƙarƙashin fitilar ɗumi, kwana huɗu ke nan da aka yaye su, suna da mako huɗu a duniya.

Kafin in zo nan, na ɗauka cewa duk wanda ya ƙara wa ƙaramar dabba furotin, wato sinadarin abinci mai gina jiki, ya ƙara mata girma ne. Hanjin ɗan alade ya nuna mini ba haka abin yake ba. A lokacin yaye, tumbinsa bai fara fitar da isasshen ruwan tsami ba, kuma sinadarin pepsin, wanda shi ke fara farfasa furotin, ba ya aiki sai da tsamin nan. Abincin da furotin ya yi masa yawa kuwa yakan ƙara rage tsamin. Ga shi kuma 'yan tsirorin da ke jikin ƙaramin hanji, masu tsotse abinci zuwa jini, sukan gajarce a kwanakin farko saboda ɗan aladen ba ya ci sosai. To, duk furotin da bai narke ba sai ya gangara babban hanji, ƙwayoyin cuta su ruɓar da shi, su fitar da amoniya, nau'in ƙwayar cutar E. coli mai kawo zawo ya samu wurin yaɗuwa. Ku dubi ƙasan kejin nan: abin da nake fara dubawa kowace asuba shi ne kashinsu, ya yi tauri ko ya tsinke.

A da, sinadarin zinc oxide ake zubawa da yawa a abinci don tare zawon, amma Tarayyar Turai ta hana amfani da shi a matsayin magani tun watan Yuni na 2022. Shi ya sa aka koma rage furotin, daga sama da kashi 20 cikin 100 zuwa wajen 17 ko 18, sannan a cike giɓin da ƙananan sinadaran da suka haɗu suka yi furotin, waɗanda jiki ke buƙata kai tsaye, irin su laisin, metiyonin da tiriyonin. Idan an rage ba a cike ba, zawo zai lafa amma girma zai tsaya, kuma wannan ne ya fi damuna game da masu kiwo a gida, musamman na wajajen Kafanchan, waɗanda galibi da kansu suke haɗa abinci.

Waken suya ma, wanda ake sa wa a abincinsu don furotin, sai an yi hattara. Wanda bai ji wuta sosai ba yana ɗauke da abin da ke toshe aikin tiripsin, wato sinadarin da ke narkar da furotin a ƙaramin hanji. Ga garin a tafin hannuna, bari in matso da kyamara ku ga launin wanda aka gasa daidai.